In gyara gidanmu na cikin gari ko in koma fulotina na Janguza?

Ɗan Ƙofar Mazugal:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don abin nan ya hana ni barci.

Gidan da muke ciki na mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Ginin ƙasa ne, rufin azara, zaure biyu da ɗaki biyar. Ni da iyalina da Hajiya ne a ciki. Ƙannena mata uku suna gidajen mazajensu, yayana kuma yana Kaduna. Daminar bana ta nuna mana gidan ya gaji. Wani dare cikin Agusta yaɓen katangar gabas ya zube, ruwa ya riƙa bin azara yana ɗiga kan gadon Hajiya. Da robobi uku muka kwana muna tara, ita kuma tana zaune a kan darduma da carbinta har asuba.

Ina da fuloti a Janguza, katanga kawai na zagaye shi da ita. Abin da na tara ba zai ɗauki aiki biyu ba. Shagona a Kantin Kwari yake, daga gida wani lokacin da ƙafa ma nake zuwa. Wanne zan kama?

Magini daga Kurna:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka yanke komai, sa a tona gindin katangar a wuri biyu ko uku. In ƙasar na marmashewa a hannu, danshi ya cinye ta daga ƙasa, filasta ba za ta cece ta ba. Siminti ba ya kama ginin ƙasa da kyau. Ruwa ya shiga bayansa, wata rana ya ɓamɓaro gaba ɗaya. Shi ya sa iyayenmu suke shafe da makuba, ta kwasfar ɗorawa. Katangar gabas kuwa dama ita ke shan duka, don ta nan hadari ke tasowa.

Sannan ka duba lungunku. In tifa ba ta shiga, a bakin titi za a sauke yashi da bulo, sai an kwashe da baro, kuma kuɗin lebura ba wasa ba ne. Kada ka dogara da lissafin bara: a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10 muna ji muna gani. Ni dai da zan ba ka shawara, maida katangar nan ta bulo, yi wa ɗakin Hajiya rufin kwano, gyara indararo da kwata, sauran a bi a hankali. In kuma bene kake tunanin ɗorawa, sai da injiniya da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano.

Uwar gida daga Danbare:
Ƙanina, mu mun taso daga cikin gari, kuma ba zan ɓoye maka daɗin ba: ga fili, ga iska, mota na shiga har cikin gida. Amma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu na yara zuwa makaranta ya zama wani cefanen daban. Kai da za ka riƙa biyo titin Gwarzo kullum zuwa Kwari, yi wannan lissafin na wata guda ka gani. Ruwa ma in ba ka haƙa burtsatse ba, kai da 'yan garuwa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne Hajiya. Surukata ba ta yi wata huɗu a nan ba ta ce a mayar da ita. Ba mai leƙo ta da hantsi, ba maƙwabtan da suka tsufa tare. Ka tambaye ta tukuna.

Dattijo daga Fagge:
Ɗana, an raba gadon nan kuwa? In Hajiya ce kaɗai matar marigayin, kuma iyayensa sun riga shi, ita tana da tumuni, ƙannenka mata kowacce kashi ɗaya cikin 8, kai da yayanka kowa kashi 2. Ka ga rubu'in gidan ne naka. Na ga wanda ya zuba guminsa a gidan gado, da aka tashi rabo aka ce ai kyauta ya yi. Tara 'yan'uwanka, a kira mai unguwa da shaidu, a yi wa gidan kuɗi yadda yake yanzu, a rubuta cewa abin da za ka kashe bashi ne a kan gidan ko kuwa sadaka ce.

Ɗan Ƙofar Mazugal:
Allah ya saka da alheri. Baba, wallahi ba a raba ba, kunya ce ta hana kowa tayar da maganar. Jiya bayan isha'i na tambayi Hajiya, ta ce daga ɗakin nan aka fitar da mijinta, ita ma daga nan take fatan a fitar da ita. Na kira Yaya, zai shigo ranar Asabar mu zauna. Malam magini, in mun daidaita, bulo mai inci 6 zai wadatar a katangar gabas, ko sai mai inci 9?