Mayar da tsohon kes ɗin buga waya wurin turin waƙoƙi da fina-finai

Sabon Shiga: Assalamu alaikum. Kes-kes ɗin ƙarfe da ake buga waya a biya kuɗin minti bayan zuwan GSM a 2001, da yawansu yanzu a kulle suke. Ga wanda zai mayar da irinsa wurin turi, daga ina ake farawa?

Mai Sola: Wa alaikumus salam. Fara da zafi, malam. Kwano a watan Afrilu gasa had-dis (ma'ajiyar waƙoƙi da fina-finan) yake yi, sai ka ga tana ɓacewa daga kwamfuta ana tsakiyar turi. A buga silin na katako, a bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da rufin, a huda tagogi biyu masu kallon juna. Laftof ta fi kwamfutar tebur, don in wuta ta ɗauke batirinta zai riƙe aikin. Batirin sola 12V mai 100Ah, in na ruwa ne, rabinsa kawai ake sha. Zai ja laftof mai cin wat 50 kusan awa 10. Farantin sola na wat 300 ya isa ya cika shi.

Mai Gyaran Waya: Ƙari a kan bayanin Yallaɓai: rigima da kwastoma galibi daga memori take tasowa. Wanda ya haura 32GB da tsarin ajiyar fayil na exFAT yake zuwa, ƙananan wayoyi masu madanni kuwa FAT32 suke karantawa, shi kuma tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce 4GB. Irin waɗannan wayoyin a rage musu fim zuwa 3GP ko MP4 mai 320x240, in ba haka ba murya za ta fito babu hoto. Akwai kuma jabun memori: ya nuna 32GB alhali cikinsa bai kai ba, turi ya kammala lafiya, a je gida fim ya ƙi buɗewa. A gwada shi da H2testw, manhajar da ke nuna ainihin girman memori, kafin a zuba komai.

Mai Turi: A cire memorin a sa a kad-rida (na'urar haɗa memori da kwamfuta) ta USB 3.0, ya fi turi ta igiyar caji sauri nesa ba kusa ba. Waƙar MP3 mai 128kbps kusan 1MB ce kowane minti, da haka za ka lissafa wa mutum abin da katinsa zai ɗauka. Had-dis kuma a yi biyu, ɗaya ta kwana a gida.

Dattijon Layi: 'Ya'yana, kada a manta da haƙƙin masu aikin. A Kano a nemi rajista da Hukumar Tace Fina-finai, a kuma karɓi fim daga hannun mai shi ko dilan da ya amince wa. Guminsu ne.