Shin Street Fighter da Final Fight a duniya ɗaya suke?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum. Jiya da daddare musu ya kaure tsakanina da ƙanena a wani shagon gem a nan Gombe, bayan ya ga Cody a Street Fighter, ya dage cewa aro shi kawai aka yi daga Final Fight. Shin labarin wasannin biyu a duniya ɗaya yake gudana?

Na Bolari:
Wa alaikumus salam. A duniya ɗaya suke, kuma kamfanin Capcom ne ya yi su duka. Final Fight ya fito a 1989, har ma da farko an tallata shi da sunan Street Fighter '89. Guy da Sodom na Final Fight sun shiga Street Fighter Alpha a 1995, sannan Cody ya bayyana a Alpha 3 sanye da kayan fursuna da ankwa a hannu, wato labarinsa ne aka ɗora daga inda ya tsaya. A Street Fighter V kuwa Cody ne magajin garin Metro City, inda labarin Final Fight ya gudana, kujerar da Mike Haggar, ɗaya daga cikin jaruman Final Fight, ya riƙe a da.

Malamin Pantami:
Ƙanenka bai yi nisa da gaskiya ba, domin ganin ɗan wasa a wani gem ba hujja ba ce. An haɗa Ryu na Street Fighter da Kazuya na wasan Tekken a Street Fighter X Tekken a 2012, amma wannan wasan nishaɗi ne, ba ya cikin asalin labarin kowannensu.

Na Bolari:
Haka ne, Malam, sai dai Metro City ɗin nan ita ce garin da ake yawo a cikinsa a Street Fighter 6, kuma 'yan daban Mad Gear, mugayen Final Fight, suna nan a titunansa.