Maki 2 ɗin da aka hana mu ran Asabar

Kocin 'yan Birni: Jama'a ku yi mana alƙalanci. Ran Asabar a wasan ƙwallon kwando a Birnin Kebbi, saura daƙiƙa kaɗan a tashi, yarona ya jefa ƙwallo, ta bugi zoben kwando, ta yi tsalle tana lilo a samansa. Dogon yaron abokan karawarmu ya zo ya share ta waje. Rafali ko usur bai kai baki ba! Maki 2 namu sun salwanta. Wannan ai alƙalancin ƙauye ne.

Tsohon rafali: Koci, a yi haƙuri, rafalinka bai yi kuskure ba. Dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, muke bi a Najeriya. Da zarar ƙwallo ta taɓa zobe, kowa na iya taɓa ta, ko ya share ko ya tura ta ciki. A NBA ta Amurka ne aka hana taɓa ta muddin tana saitin saman zobe. Abin da FIBA ta hana: ka tare ta tana gangarowa kafin ta kai zobe, ko ka zura hannu ta ƙarƙashin raga, ko ka taɓa kwandon ko allon alhali ƙwallo na kan zobe.

Ɗan Argungu: Dakata tukuna. Koci, ina ne ƙauyen? Mi kake nuhi?

Kocin 'yan Birni: Ni ban ambaci garin kowa ba.

Ɗan Argungu: To rafalin daga ina ya hito? Garin da duniya ke zuwa kallon bikin kamun kifi shi ne ƙauye?

Ɗan Jega: Ku bar shi. Mutanen Birni in sun ci, ƙwarewa ce; in an ci su, ƙauyawa sun yi maguɗi.

Wani ɗan wasa: Ni ina ƙarƙashin kwandon, wallahi hannunsa ya ja raga.

Tsohon rafali: Yauwa, ga maganar da za a bi. In ya ja raga ƙwallo na kan zobe, maki 2 naku ne. Wa ke da bidiyo?

Wani ɗan wasa: Wayar mai ɗauka ta mutu tun kashi na uku.

Ɗan Jega: Kai da ba ka tashi daga benci ba, ya aka yi ka isa ƙarƙashin kwando?

Ɗan Argungu: Baba rafali, ba raga ce damuwata ba. Ya janye kalmar ƙauye, shi ke nan. Kuma kuɗin motar bara da muka zo muku wasa har yau shiru.

Kocin 'yan Birni: Kuɗin mota kuma? Mu da muka ciyar da ku tuwon shinkafa har da ƙari?

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta: an zalunci yaranmu na Birni, shi kansa Baba rafali ya ce maki 2 namu ne. Zancen ƙauye kuwa raha ce ta 'yan uwa. An rufe.

Tsohon rafali: Ranka ya daɗe, cewa na yi "in ya ja raga".