Abin da malaman lissafi suka ce kan koyar da ƙididdiga

Ranar Asabar mun zauna a Tudun Wada, mu malaman lissafi mai zurfi na babbar sakandare. Yawanci sun ce a bar alƙaluman littafi, a tura yara kasuwar Sabon Gari su rubuto farashin mudun masara a rumfuna daban-daban. Wani dattijon malami ya rubuta 2, 3, 4, 5, 36 a allo: matsakaicinsu, wato jimlarsu a raba gida biyar, 10 ne, amma lambar tsakiya idan an jera su 4 ce. "Ƙanena," ya ce da ni, "yaron da ya gane dalilin wannan tazarar ya gama rabin darasin." Darasin yiwuwa kuwa ɗiyan ludo biyu sun isa, tunda idan an jefa su jimlar 7 na fitowa ta hanya 6 cikin 36.

A wajen maki aka ja daga. Wasu na duba amsa kawai, amma rinjaye ya koma ga tsarin WAEC, inda hanyar aiki ke da makinta daban. Ni ma can na karkata, don kalkuleta na iya ba yaro amsa alhali bai san inda ta fito ba. Aikin gida kuma a rage masa nauyi, kwafa ake yi.