Kayan girki na hannu don dafa giya a gida: wanne zai yi, wanne zan bari?

Ɗan Tsiro:

Barkanku da warhaka 'yan'uwa. Ina son fara dafa giyar sha'ir a gida, lita 20 a kowace dahuwa, kuma kayan hannu nake haɗawa. Ga abin da na samu daga wani gidan abinci da aka rufe: tukunyar alminiyam mai cin lita 40 wadda aka daɗe ana suya a cikinta, wata ta sitenles mai lita 24, babbar kula, bokitan roba biyu masu murfi da aka ajiye man girki a ciki, murhun gas mai kai ɗaya da tiyonsa, sai tsohon kan famfo na tagulla. Ta alminiyam ɗin ce ta fi damuna, don na ji ana cewa tana sa wa giya ɗanɗanon ƙarfe. Ku taimaka mini da shawara.

Mai Jiƙo:

Ɗan'uwa, raba kayanka gida biyu: waɗanda ke taɓa ruwan tsiro (ruwan zaƙin da ake tacewa daga jiƙaƙƙen sha'ir mai tsiro) kafin ya tafasa ko yana tafasa, da waɗanda ke taɓa shi bayan ya huce. Na farkon, tsufansu ba matsala ba ne, domin tafasar awa guda tana kashe duk wata ƙwayar cuta da za ta lalata giya. Abin dubawa a kansu shi ne irin ƙarfen da kuma maiƙo. Na biyun kuwa, nan ne kayan hannu ke jawo asara.

Ta lita 24 ta yi kaɗan. Kafin ka samu lita 20 sai ka ɗora wajen lita 25 a wuta, don lita 3 zuwa 4 suna tafiya a tururi cikin awa ɗaya, wani kuma ya maƙale a tukuɗin ƙasan tukunya. Ga shi gab da tafasa kumfa kan taso lokaci guda, idan babu fili a sama sai ya yi ambaliya ya kashe wutar. Don haka ta lita 40 ce tukunyar dahuwarka, ta sitenles kuma ka riƙa dumama ruwan jiƙo (wanda ake jiƙa tsiron a ciki don zaƙinsa ya fito) da na ɗauraye tsiro a cikinta.

Alminiyam ba ya ɓata giya muddin fatar nan mai ruwan toka da ke cikinsa tana nan. Tsamin ruwan tsiro kaɗan ne, pH 5.2 zuwa 5.4 (pH ma'aunin tsami ne, ƙaramar lamba tsami mai yawa), ba ya cin wannan fata. Bayan ka wanke, cika tukunyar da ruwa zalla ka tafasa minti 45 zuwa awa ɗaya. Za ka ga cikinta ya dushe ya yi duhu. Haka ake so, kada ka sake goge shi har ya yi ƙyalli. Kada soda ta sabulu ko bilic su taɓa ta, suna cin alminiyam. Kuma kada ka tsima giya a ciki, don bayan yis ya yi aiki tsamin yana ƙaruwa, pH ya sauko wajen 4.2, ga daɗewar mako biyu.

Maiƙon suyar ne babban aikinka. Ɗan mai kaɗan ya isa ya hana giya riƙe kumfa a kofi. Jiƙa tukunyar da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke marar ƙanshi, ka bi gindin ƙusoshin hannu da ƙarƙashin leɓen baki da tsohon buroshin haƙori, can man ke daskarewa ya zama danƙo mai ruwan ƙasa. Gwajin shi ne ka watsa ruwa a bangon ciki: idan ya sauko a shimfiɗe, ta fita, idan ya dunƙule ɗigo-ɗigo, da saura, maimaita.

Baban Walda:

Na yarda da Mai Jiƙo, amma da sharaɗi ɗaya a kan alminiyam ɗin. Duba ko ta kamfani ce, mai santsi da kauri iri ɗaya, ko kuwa zubi ce da aka narka tarkacen ƙarafa aka yi. Ta zubi za ka gan ta da kaushi da ƙananan ramuka, kuma tarkacen da aka narka kan zo da dalma a ciki. Irin wannan ko kyauta aka ba ka, bar ta.

Sauran ƙarafan da ake tsinta a kayan hannu: bokiti ko baho mai rufin tutiya bai dace ba sam, ruwa mai tsami yana narkar da tutiyar. Tukunya mai fenti irin na langa tana yi idan fentin bai ɓare ba ko'ina, amma wuri ɗaya ya ɓare sai tsatsa, giyar ta riƙa ɗanɗanon jini a baki. Jan ƙarfe yana da kyau wajen tafasa, da sharaɗin ka cire koren tsatsarsa da khal (ruwan tsamin girki, wato binega) tukuna, don guba ce, kuma kada ya taɓa giyar da ta riga ta tsimu.

Game da sitenles, nemi hatimin 304 ko 18/8 a gindinta, lambobin da ke nuna irin ƙarfen ke nan. Mutane na gwadawa da maganaɗisu, to amma gwajin ba ya yanke hukunci: 430 yana kama maganaɗisu, 304 ba ya kamawa sosai, sai dai 201 mai araha shi ma ba ya kamawa, alhali ya fi saurin tsatsa. Haska cikinta da tocila ka nemi ƙananan ramuka baƙaƙe kamar huda allura, alamar an bar gishiri ko bilic ya kwana a ciki ke nan. Kada ka goge ta da soson ƙarfe, burbushinsa na maƙalewa ya yi tsatsa. Idan akwai ɗigon tsatsa, narka giram 50 na garin sitirik asid a kowace lita ta ruwan ɗumi, bar shi minti 30, ɗauraye, ka bar ta ta bushe a iska.

Kan famfon tagulla na da can yakan ƙunshi dalma kaɗan. Ana jiƙa shi a haɗin khal fari kashi biyu da haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari kashi ɗaya, ƙasa da minti biyar, har ya koma ruwan ɗorawa mai haske. Idan ruwan ya fara yin kore an zarce, sai a sake da sabon haɗi. Ni dai a ganina sayen na sitenles mai rabin inci ya fi kwanciyar hankali. Ramin milimita 21 yake so a jikin tukunyar, da zoben silikon ta ciki mai hana yoyo.

Hannayen tukunyar ma ka girgiza su. Lita 25 ta ruwan tsiro ta haura kilo 26, kuma tafasasshe ne. Ƙusa ɗaya ta yi lako-lako, kada ka ɗaga ta da kaya.

Uwar Yis:

Ƙanena, bokitan nan biyu ka mayar da su na wanke-wanke. Roba tana shan mai da wari, ba ta saki. Ban da haka, duk wani ƙarzo da cokali ko soso ya yi mata maɓoya ce ta ƙwayoyin da ke tsamama giya da yis ɗin daji, maganin tsabtacewa ba ya kai musu. Dahuwar farko tana iya fita lafiya, ta biyu sai ka buɗe ka tarar da farar yana a sama da warin khal. Sayi sabon bokiti na abinci mai lita 30, mai lamba 2 ko 5 a cikin alamar kusurwa uku da ke gindi. Tiyon jan giya, robobin murfi da marafan kwalba duk sababbi. Ba su da tsadar da za ta kai asarar kilo biyar na tsiro da aikin yini guda.

Kular kuwa za ta yi jiƙo, tunda abin da ya fito daga cikinta wuta zai je. Gwada ta tukuna: zuba lita 15 ta ruwa mai zafin digiri 70, rufe minti goma ta ɗauki zafi, auna, sannan ka sake aunawa bayan awa ɗaya. Faɗuwar digiri 1 zuwa 2 daidai ne. Idan ta wuce 4, ko bangon ciki ya tsage ruwa ya shiga soson da ke tsakiya, ba za ta riƙe maka digiri 65 zuwa 67 da jiƙo ke buƙata ba. Shinshina ta da zafinta, lokacin ne ɓoyayyen wari ke fitowa.

Kwalabe na hannu suna yi, amma waɗanda dama an yi su don abin sha mai gas, masu ruwan ƙasa, marasa tsaguwa a baki. Ɗaga kowace ka leƙa gindinta a haske, mai baƙin fumfuna ka jefar.

Ɗan Tsiro:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Tukunyar ta kamfani ce, akwai hatimi. Saura murhun, ta yaya zan san zai iya?

Mai Jiƙo:

Lissafin ba wuya. Tururin lita 3 a awa ɗaya kaɗai yana cin kusan kilowat 2 na zafin da ya shiga tukunya, kuma murhun gas kusan rabin zafinsa a iska yake tafiya. Ke nan kan girki na kilowat 2 ko 3 sai dai ya riƙa motsa ruwan sama-sama. Nemi kilowat 7 zuwa sama. Kada kuma ka rufe tukunyar don ka taimaka masa, akwai wani sinadari mai warin dafaffen masara da dole ya fita da tururi, murfi na mayar da shi ciki.

Gwada da ruwa zalla lita 25: idan ya tafasa yana juyawa da kansa ba murfi, ya yi. Tiyon da regileta canza su, tsohon tiyo yakan tsattsage a inda aka ɗaure shi. Shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa, inda ya yi kumfa gas na fita. Harshen wuta ya zama shuɗi; idan ja ne mai hayaƙi, ramukan kan sun toshe, bi su da siririyar waya. Irin wannan murhu a fili ake kunna shi, ba a ɗaki ba, saboda iskar kabon monoksaid ba ta da wari. Ka kuma tabbata ƙafafunsa sun zauna daram a daɓe kafin ka ɗora masa kilo 30.