Neman shawara: ta yaya ake gane makarantar arshitek da aka yarda da takardarta?

Yayan Marayu, Bagalam:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, magini ne. Ya fi shekara 30 bisa katanga, gidaje da yawa a Ali Ɗan Sofo da unguwar Zariya nan Maraɗi hannunsa ne, amma bai shiga lakwal ba, bai iya karanta filan ba. Sau da yawa yaro sa'an ɗansa zai zo shantiye da takarda a naɗe, ya yi masa faɗa gaban leburorinsa, ya dawo gida ya zauna bisa tabarma bai ce wa kowa komai ba. Autarmu ce ke kai masa abincin rana. Tun tana firamare take tsince takardun buhun siminti tana zana ɗakuna da ƙofofi a bayansu, shi kuma ya ninke ya sa aljihu. Da ciwo ya kwantar da shi, gabana ya ce, wannan ita za ta riƙa zanawa wasu na ginawa, kada ka bari karatunta ya tsaya. Daminar bana shekararsa uku da rasuwa. Mu bakwai ya bari, ni ne babba, kayan waya nake saidawa a kasuwa. Garkar da ya bar mana a Jiratawa sai da aka kai ruwa rana kafin a raba, har yau akwai ƙanena da ba ya gaishe ni. Rabona da nata na saida don wannan karatu.

To bana Allah ya ba ta BAC, wato jarrabawar gama sakandare. Wani mutum mai kai yara karatu waje ya nuna mini wata makaranta mai zaman kanta a ƙasa maƙwabciya, ya ce shekara 3 ta fito arshitek, wato mai zanen gine-gine, ɗalibi 40 kawai suke ɗauka kuma gurbi 3 ya rage. Shekaranjiya wani mai sayen caja ya tambaye ni, an yarda da takardarsu? Na rasa amsa. Ta yaya ake ganewa? Kuma da gaske ne gurbi yana ƙarewa haka?

Tsohon Teknisiyan:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, saurara da kyau, don na tsufa cikin aikin gini. Babu arshitek na shekara 3. Wanda ya faɗa maka haka ko bai sani ba ko yana son kuɗinka. Shekara 3 lisans ce, wato digirin farko, sai an ƙara 2 na masta, 5 ke nan, sannan mutum ya nemi ƙungiyar arshitek ta ƙasa ta sa sunansa a rajista kafin ya sa hannu da hatimi bisa filan. Makarantarmu kuwa sananniya ce: EAMAU da ke Lome, ƙasar Togo. Ƙasashe 14 suka mallake ta, Nijar na ciki, tun 1975 aka yanke shawarar kafa ta. Fanni uku take koyarwa, zanen gine-gine, tsara birane da tafiyar da birane. Ba a shigarta da ɗan tsakani, konkur ake yi, wato jarrabawar gasar shiga, kuma ba sai an je Lome ba, kowace ƙasa tana shirya wa yaranta a gida, wajen watan Mayu, tun kafin BAC. Akwai lissafi, akwai zane. Me ya hana yarinyar nan zama konkur? Kuma wane BAC ta ci? Ba ka faɗa ba.

Yayan Marayu, Bagalam:
Na gode Baba. BAC D ce, ta kimiyya. Maganar konkur wallahi yau na fara jin ta, ita ma ba wanda ya sanar da su a lise. Amma mutumin nan ba baƙo ba ne, layinmu ɗaya a masallaci, ya kai yaran mutane da yawa.

Tsohon Teknisiyan:
Ya kai su, sun dawo da me? Wannan za ka tambaya. Ka ce ya nuna maka mutum ɗaya tak da ya gama can kuma yake da hatimi a Nijar. Sannan ka nemi takardu uku, ba hoton bene ba: izinin kafa makarantar, izinin buɗe wannan fanni daga ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasarsu, da shaidar CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance takardun ilimi mai zurfi. CAMES ɗin nan a Yamai aka kafa ta a 1968, ofishinta yana Wagadugu, kuma ba makaranta dungurungum take amincewa da ita ba, diplom ɗaya-ɗaya take dubawa. Sai ka ga an yarda da takardar kwantabilite, wato lissafin kuɗi, ta makaranta, su kuma su manna tambarin bisa duk tallarsu har da fannin da ba a taɓa dubawa ba. Jerin yana intanet, ƙanwarka ta iya Faransanci, ta duba da kanta.

Ɗan Katsina Mazaunin Sabon Gari:
Ni ban ga dalilin tsallake Zariya a tafi Lome ba. Daga nan zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya bai kai kilomita 100 ba. Jami'ar Ahmadu Bello ita ce uwar wannan karatu a Najeriya, tun kafin ta zama jami'a a 1962 ake koyar da shi a Zariya. Akwai Bayero a Kano, akwai ta Wudil, akwai Minna da Bauchi. Shekara 4 digirin farko, 2 na biyu, sai a yi aiki ƙarƙashin babba a zana jarrabawar ƙwarewa, hukumar ARCON da aka kafa a 1969 ta yi wa mutum rajista. Yarinya tana cikin Hausawa, tana cin tuwonta, in Innarta ta yi ciwon kai da safe, da yamma tana gida. Batun gurbi kuwa gaskiya ne a can, hukumar jami'o'i ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan da za ta ɗauka, masu nema ta jarrabawar shiga jami'a ta JAMB sun ninka gurbin. A guji dai ruɗewa da kwalejin fasaha, wadda ake shekara 2 a ƙara 2, wannan mataimakin arshitek take fitarwa.

Tsohon Teknisiyan:
Malam, yarinyar da ta yi shekara 13 tana karatu da Faransanci za ka jefa cikin Turancin Ingila? Shekara guda za ta tafi a koyon harshe, ta yi 6, ta dawo nan ta shiga neman a daidaita mata takarda. Na Lome kuwa yana dawowa kowa ya san takardarsa, kuma tun 2005 ƙasashen UEMOA, ƙungiyar masu kuɗin sefa ta Afirka ta Yamma, suka yarda arshitek ɗinsu ya zauna ya yi aiki a kowace ƙasar ƙungiyar. Kada a ruɗa yaron nan. Lome kawai.

Ɗan Katsina Mazaunin Sabon Gari:
Baba, da girmanka, Lomen ta wace hanya? A 2023 an rufe gadar Gaya da ake bi a shiga Benin, sai an zaga ta Burkina, ko jirgin sama. Mai saida caja zai biya jirgi? Kuma ka tuna a farkon 2024 Najeriya ta dakatar da karɓar digirin Benin da Togo saboda takardun bogi.

Tsohon Teknisiyan:
Wancan rikicin masu saida takarda ne, irin wanda nake jiye wa yaron nan. Kuma a Nijar za ta yi aiki ko a Abuja?

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai wannan magana ta taɓo mini gyambo. Shekara 9 muna tara kuɗi ni da maigida, adashe bisa adashe, muka sayi fili can gefen gari. Wani ya zo da kati an rubuta arshitek, ya karɓi jikka 150 ya zana mana. Damina biyu katangar falo ta tsage tun daga sama har ƙasa, hannun yaro yana shiga. Ruwan rufi ya juya shi cikin tsakar gida, ɗakin girki yana fuskantar gabas, duk hadarin da ya taso a tukunyata yake sauka. Da muka nemi wanda ya sani ya duba, ya ce mutumin ko rajista ba shi da ita. Mun kai ƙara, aka ce mu je mu sasanta. Har yau cikin gidan muke, in aka yi tsawa sai in kwashe yara mu koma ɗakin ƙofa. Allah ya isa.

Magini Ɗan Tibiri:
Hajiya Allah shi mayar miki da alheri. Amma ku masu takarda kun cika raina mu. Mu munka gina garin ga. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986, Falke Barmu ya gina shi da laka, wace makaranta ya shiga? Yau yaro ya dawo da diplom bai san ƙasar da ta dace da tubali ba, ya zana ma gida duk gilashi, watan Afrilu ya zo ka kasa zama ciki. In an yi kuskure a ce magini ne, in gida ya yi kyau a ce arshitek ne. Ɗiyar abokin sana'armu ce, a kawo ta shantiye ta ga aiki da idonta tukuna.

Malamar Lissafi:
Baba Magini, ba wanda ya raina ku, ai wasiyyar magini ce ake son cikawa. Kuma masu ilimin na gaske laka suke komawa. Mariam Issoufou 'yar ƙasar nan, da ta gina sabon masallacin Dandaji ta mayar da tsohon ɗakin karatu a 2018, da tubalin ƙasa ta yi kuma da maginan garin. Kwamfuta ta fara karantawa, sai daga baya ta koma zanen gine-gine a Amurka. Ina faɗar haka ne don yayanta ya san jinkirin shekara ɗaya ba mutuwa ba ne. Shawarata, ta yi rajista nan Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, akwai fannin jeni sibil, wato injiniyancin gini, a IUT, cibiyarta ta fasaha, ko ta nemi EMIG, makarantar injiniyoyi a Yamai, tana karatu tana shirin konkur na baɗi. Injiniyan gini daban, arshitek daban, amma lissafin ƙarfe da kankare ba zai ɓace mata ba. Ta kuma leƙa ANAB, hukumar tallafin karatu ta ƙasa, ta tambayi guraben da ƙasashe irin Maroko da Aljeriya ke bayarwa. Batun gurbi, makarantar kirki dole ta ƙayyade, don wannan karatu a ɗakin zane ake yinsa, kowane ɗalibi da teburinsa, malami yana bi ɗaya bayan ɗaya yana gyara. Amma mai ƙayyadewa da gaske jarrabawa take tacewa da ita, ba wanda ya riga biya ba. Ita ƙanwar taka me ta ce? Ban ji muryarta ba cikin duk bayaninka.

Yayan Marayu, Bagalam:
Malama na gode, amma ba ki san gidanmu ba. In ta zauna shekara guda, baffanninmu aure za su yi mata, tun Sallah suke maganar. Shi ya sa na yi sauri. Kuma gara in faɗa, na riga na ba mutumin jikka 400 na riƙe gurbi tun makon jiya. Ya ba ni rasit. Ni ban ga laifina ba, gurbi 3 ya rage, in na tsaya bincike wani ya ɗauka fa?

Tsohon Teknisiyan:
Inna lillahi. To ka zo neman shawara ne ko neman a ce ka yi daidai? Rasit ɗin sunan wa ke sama, na makarantar ko nasa? Gobe da sassafe ka ɗauki dattijo biyu ku je ku karɓo kuɗin marayu. Kuma har yanzu ka ƙi faɗa mana ko wace ƙasa ce.

Yayan Marayu, Bagalam:
Sunan ofishinsa ne, amma ya ce haka ake yi, shi ke tura musu a dunƙule. Ba zan faɗi ƙasar ba, ana iya gane shi, kuma ban kama shi da komai ba. Baba, ba kowa ke cin konkur ɗin nan ba, in ta jira ta faɗi fa? Ko lisans ɗin ta samu ai ta fi mahaifinmu, za ta karanta filan, ba mai yi mata tsawa. Daga baya ta ƙara biyun a Lome.

Malamar Lissafi:
Ƙarin biyun sai in sun karɓi lisans ɗin farko. Wannan ne abin da za ka tabbatar kafin ka ƙara ko dala.

Ɗan Katsina Mazaunin Sabon Gari:
Jikka 400 in ka canza naira, da ta kai ta nesa a Kano.

Maman 'Yan Biyu:
Mu ma rasit ya ba mu, har da hatimi. Yana nan cikin akwatina.

Yayan Marayu, Bagalam:
Na kira shi yanzu, ya ce takardun suna wurin darakta kuma darakta ya yi tafiya, sai Litinin. Ya ce sauran jikka 500 kuma kafin Juma'a, in ba haka ba gurbin ya tafi kuma na farkon ba a mayarwa. Akwai wanda ya san ko ana karɓar bashi a ba da takardar fili jingina cikin kwana uku?