Na biya tikitin jirgin ƙasa ta intanet, yaushe ake rufe karɓa a tasha?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya fitar da ni daga duhu.

Na saya wa mahaifiyata tikitin jirgin ƙasa ta intanet da katina, aka turo min lambar karɓa ta imel. Saƙon ya ce sai an karɓi tikitin takarda a tasha kafin jirgi ya tashi, amma bai faɗi saura minti nawa ake rufewa ba. Jirgin na ƙarfe 7 na safe ne, ita kuwa da sanda take tafiya, tsayuwar layi tana ba ta wuya ƙwarai.

Abin da ya hana ni barci shi ne katin. Na ji ana cewa injin fitar da tikiti yakan nemi katin da aka biya da shi, ni kuma ranar ba zan samu raka ta ba. Sau 3 ina kiran layinsu, ba a ɗauka ba.

Shin zan iya zuwa tun ana gobe tafiya in karɓar mata? Ko lambar kaɗai ta isa a wurin mai sayar da tikiti? In kuma aka makara, kujerar ce kawai ta tafi, ko har kuɗin sun bi shanun sarki?